Batirin Ni'ima da Zakaran Godiya

Gwallaga, Bauchi.

Zuwa ga ƙanena Badruddeen, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a baƙon wuri, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida da kanta, Sabitu kuma ya koma gona tun saukar ruwan fari.

To, gaisuwa ta ƙare. Raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Takarda na zaɓa don na san halinka a waya: ka yi 'yar dariyar nan taka, ka ce Yaya a yi haƙuri, ka kashe.

Ka san na'urar ƙyanƙyasar ƙwai da 'yarka Ni'ima ta haɗa, ko in ce ka ji labarinta, tun da ba ka taɓa tambayar yadda take aiki ba. Tsohon firij ta samo wurin 'yan gwangwan, ta sa masa fanka da ƙwan fitila da abin auna zafi, ta jona shi da sola da batiri. Yatsunta duk tabon ƙuna ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ai kai ma rediyon Baba bai tsira daga hannunka ba. Da wannan na'ura ta shiga gasar da wani kamfanin abincin kaji ya shirya wa matasa masu ƙirƙira, inda za a ɗauki wanda ya ci horo, a kuma ƙera abin nasa da yawa. Ta kai zagayen ƙarshe. Sharaɗi ɗaya ya rage: alƙalai su zo gida su ga 'yan tsaki sun fito. Matan ƙauyen Zungur ne suka tara mata ƙwan kajinsu.

Ƙwai na gab da fashewa maƙwabcinmu Malam Hafizu ya tashi walimar saukar ɗansa, ga ba wuta a unguwa, yana neman batirin lasifika. Ni ya fara tambaya ko zan ara masa batirin na'urar Ni'ima, na ce mai shi tana Yelwa wurin jarrabawa, ba a taɓa shi. Sai ya kira ka. Kai kuma daga can ka ce ba a hana maƙwabci aro, kayan 'ya ai kayan uba ne, a cire a ba shi. Ina kasuwa aka cire. Da na dawo na bi sawu, aka ce min uban yarinya ya riga ya bayar, ni kuma ba zan iya kutsawa cikin taron maza in kashe wa malamai lasifika ba. Washegari aka dawo da batirin babu ko ɗigon caji, ga hadari ya rufe rana. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shi ya roƙa, amma kai ka yi kyauta da gumin da ba naka ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ranar da alƙalan suka zo. Shugabarsu, wata injiniya mai suna Bernadette, ta taɓa ƙwai ta ji su sanyi ƙalau. Ta bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta ce aikin ya yi kyau, ta tambaya ko wani ne ya katse wutar, don in haka ne za su iya ba ta wata dama. Na buɗe baki ke nan Ni'ima ta taka min ƙafa. Ta sunkuyar da kai ta ce kuskurenta ne wajen lissafin ƙarfin batiri. Ta gwammace a ce ba ta iya ba da a kama sunan ubanta a gaban baƙi. Suka yi mata fatan alheri suka tafi.

Ita da kanta ta je Zungur ta ba matan haƙuri. Tun ranar ta rufe firijin da tsohon zane, ba ta ƙara kallonsa ba. Ta roƙe ni kada in gaya maka, ni kuwa ban yi mata alkawari ba. Kada ka kira ni. Ita za ka kira, kuma ba nasihar haƙuri za ka yi mata ba, haƙuri za ka ba ta.

Inna tana gaishe ka, haka Sabitu da Zubaida da yaranta. Ka gaida abokinka Femi. Malam Hafizu ma yana gaisuwa, har ya aiko maka da zakara na godiya, wai samun maƙwabci irinka sai an tona. Na hana a yanka. Yana nan ɗaure a tsakar gida, kullum da asuba yana cara a ƙofar ɗakin 'yarka. Naka ne, ka zo ka kwance shi da hannunka.

Yayarka,
A'i