Sifirin da Na Rubuta a Kayen Madam Farida

Litinin, 6 ga Janairu

Abin da zan rubuta nan ban faɗa wa kowa ba, ko Fatima yayata da muke ɗaki ɗaya. Sifirin da ke cikin kayen Madam Farida, wato littafin da nake mata rubutu, ƙarya ne. Ba duka ba. Na watan Nuwamba gaskiya ne. Daga tsakiyar Disamba zuwa yau kuwa, ƙarya.

Madam Farida likitar dabbobi ce daga Yamai. Bayan girbi suka zo da motar furoje, ita da direbanta Salisu. Wasu ƙasashen waje ne suka ba da kuɗi don a riƙa duba tsuntsayen da ke sauka tabkinmu lokacin sanyi, ko suna ɗauko wata sabuwar cuta su zuba wa kaji da agwagi, daga nan ta kama mutane. Tana neman mai rubutu a unguwarmu ta bakin ruwa. Daraktan lakwal, makarantarmu, ya nuna ni ya ce mata ga Ɗelu, aji shida ta tsaya, kuma ba ta magana, amma rubutunta kamar na inji.

Aikina gida goma sha biyu kowace safiya. In yi sallama, in tambaya ko akwai kaza ko agwagwa mai ciwo ko wadda ta mutu, in rubuta adadi a kayen da ta ba ni. In akwai, in kira ta nan take, ta zo ta lakaci majinar tsuntsun da tsinke mai auduga a kai Yamai a auna.

Ran sha huɗu ga Disamba agwagin Inna uku suka kwanta. Wuya a karkace, zawo kore, ido a kumbure. Inna ta ce in ruga bakin tabki in kira Baba ya yanka kafin su zama mushe. Na ruga. Ni da ƙafata. Ɗaya muka ci, biyu aka soya aka kai kasuwa. Da na ɗauko kaye ta ce, "Ki rubuta su zo su ƙone mini sauran? Abin da aka yanka da bismilla, ina ruwan takarda da shi?"

Na rubuta sifiri.

To wadda ta rubuta wa gidansu sifiri, da wane ido za ta rubuta biyar a gidan Gwaggo Kulu?

Alhamis, 9 ga Janairu

Gwaggo Kulu tana hango ni daga zaure ta ce, "Ga malamar ƙwai ta iso! Zana muna ƙwai guda ki wuce, ɗiyata." Haka take kiran sifiri. Matan gidan suka kwashe da dariya. Gashin kaza tuli bayan turmi, ko sharewa ba su yi ba. Huɗu aka yanka musu jiya.

Kowa ya san na sani. Shi ya sa suke sona yanzu. Har ƙuli aka ba ni.

Talata, 14 ga Janairu

Madam ta zo. Mun je gidan Baba Gambo ta ɗauki majinar agwaginsa masu lafiya, kamar kowane mako biyu. Ta ba ni safar hannu na sa, ni na riƙe mata fukafukai. Ta ce hannuna ba ya rawa, wai akwai manya a Yamai da ba su iya wannan riƙon ba. Na sunkuyar da kai, amma har yanzu ina jin daɗin maganar. Kuma ina jin haushin kaina don ina jin daɗin.

Muna zaune ƙarƙashin itacen bedi ta tambaye ni ko na tuna korona. Na tuna. Ina aji uku aka rufe lakwal, aka rufe iyaka, Kawu Mahaman ya maƙale a Katsina da kayansa. Ta ce masu ba da kuɗin nan ba ƙaunar agwaginmu ta kawo su ba, jiki ya gaya musu ne. "Sun gane tsuntsu ba ya tsayawa a duwan Ɗan Issa, bakin iyaka, ya nuna takarda." Ta ce aikinmu shi ne a ji ƙauri tun wuta ba ta kama zana ba.

Na yi mata tambaya. Ita ce ta farko tun da muka fara aiki. Na ce in an samu cutar a wani gida, ƙone tsuntsayen za a yi? Ta ce, "Wani lokaci. Ba ni ke yanke wannan ba, amma ba zan yi miki ƙarya ba." Sai ta tsaya tana kallona. Ta daɗe.

Na ce ina jin ƙishirwa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Sifiri goma sha biyu. Na gaskiya: gidan Gwaggo biyu, gidan Sani mai kifi shida.

Juma'a, 24 ga Janairu

Baba ya ce ya ga matattun tsuntsayen ruwa wajen bakwai cikin ciyawa gabas da tabki, irin baƙin nan da ke zuwa da sanyi. Ya ture su da gorar tuƙi ya wuce. Na ce a wane wuri? Ya ce, "Ke da kayenki." Dariya yake yi, ba faɗa ba.

Wannan kam ba na gidan kowa ba ne. Da na kira ta ba wanda zai rasa komai. Amma in ta zo za ta bi gida gida, ta ga akurkin Gwaggo ya koma rabi. Na yi ta juya abin har la'asar, na ce gobe. Fatima ta ce ta ga karnuka a wajen tun da rana.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Madam ta zo ba ranarta ba. Fuskarta ba kamar kullum ba. Ta ce an rage kuɗin furoje daga can inda yake fitowa. Tabki huɗu suke aiki, yanzu ɗaya kawai za a bari, inda aka fi ganin alamar wani abu. Sauran a nannaɗe.

Ta buɗe kayena tana juya shafi. Ta ce ya fi na kowa tsabta. Ta ce, "Nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Abin murna ne, Ɗelu, ko da shi zai raba mu."

Wallahi na buɗe baki. Saura kaɗan in faɗa mata. Sai na ga Inna ta leƙo ta katanga da ƙwaryar fura za ta ba baƙuwa, tana murmushi. Yaya zan ce uwata ta sa ni ƙarya, ga furarta a hannun mutane?

Madam ta sha, ta yaba. Salisu ya yi oda. Suka tafi.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Na gwada Inna muna tsince wake. Na ce da mun faɗa, da wataƙila ba su tashi ba. Ta ce, "Kuɗin Nasara hadarin kaka ne, ba a shuka don shi. Su tahi da furojensu, mu mi za mu ci?"

Inna ba muguwa ba ce. Agwagin nan su ne nata na kanta a duniya. Da ƙwansu ta saya mini kaye da bik na rubutu shekara shida, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Rubutun nan da darakta ke yabo, su suka biya shi.

Amma dai.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Inna ba lafiya. Zazzaɓi, tari, idonta ja. Ran Juma'a ta fige wasu biyu da hannunta, gashin yana tashi har fuskarta, ni ina tsaye ina kallo, safar hannun da aka ba ni tana cikin jakata.

Na tuna abin da Madam ta ce game da mai figa. Na ƙi rubuta shi nan.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Mun kai ta likita a amalanken Baba Gambo. Manjo, babban ma'aikacin wurin, ya duba ta, ya ce mura ce mai ƙarfi, ana ta fama da ita a gari. Ya juyo ya tambaye ni, don ni ce mai karatu, ko akwai wani abu da ya kamata ya sani. Baba na gefe. Na kalli ƙasa. Na ce babu.

Uwata a kwance tana numfashi da ƙyar, kuma na ce babu. Kunya ce wannan? Ni dai da ana cewa Ɗelu mai kunya ina jin kamar yabo ne.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ta tashi. Ta ci tuwo, har ta yi wa Fatima faɗan wanke-wanke. Allah na gode maka. Wataƙila murar kowa ce. Ba zan taɓa sani ba, kuma ni na sa ba za a sani ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ba tabkinmu na Madarumfa aka zaɓa ba.

Yau su Madam suka yi sallama a ƙofar mai unguwa. Tun jiya na shirya maganata, na maimaita ta wajen daka, na maimaita ta a hanyar rijiya. Da na isa, tabarmi cike da maza. Mai unguwa yana cewa unguwarsa ba a samu ko kaza ɗaya mai atishawa ba, a rubuta a kai wa Nasara. Aka yi dariya. Aka ce ina yarinyar? Aka tura ni gaba, aka tafa mini.

Bayan an watse Madam ta ja ni gefen mota. Na miƙa mata kayenta. Ta ce kada in sa wa raina, ba laifin kowa ba ne a nan, mutanen da suka janye kuɗin ba su ma san sunan garinmu ba. Sai ta ƙara da cewa, kamar da kanta take, "Da dai mun samu ko tsuntsu guda a hannu, da ina da abin nuna musu."

Wanne ne gaskiya a cikin biyun? Ko duka?

Ta ba ni ragowar safar hannu, da takunkumin hanci, da sabon kaye wanda ba a rubuta komai ba. A bangonsa ta sa lambar Malam Isa na ma'aikatar kiwo ta nan garin. Ta ce shi ba furoje ba ne, ba ya tashi. Yana da tsinken auduga da akwatin ƙanƙara da ta bar masa. Ta ce, "Ki koma lakwal in da hali. Kina da ido."

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Abin da na ce ke nan. Wata huɗu, shi ke nan abin da na ce.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na farka na ɗauki mayafi zan fara zagaye, sai na tuna. Gwaggo Kulu ta aiko a tambaya ko malamar ƙwai ta yi ritaya.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Inna ta tafi suna a garin Safo, sai gobe. Baba yana kan ruwa.

Da hantsi na ga agwagwa mai ɗigon baƙi a wuya ta ware kanta jikin randa. Wannan tawa ce, Inna ta ba ni tana 'yar tsako ranar da na gama aji shida. Kai a karkace. Na duba inda ta zauna, kore.

Fatima ta ce, "Mi kike jira? Ruga ki kira Baba, ko Sani mai kifi, kahin ta tahi a banza!" Na ce to. Na sa takalmi. Na kai har zaure.

Sai na dawo na sa safar hannu.

Na kife ta da kwando a bayan rumbu, nesa da sauran, na ɗora dutse. Na ce wa Fatima ta ara mini wayarta. Ta ce na haukace, ta ce Inna za ta fige ni kamar yadda take fige su. Amma ta ba ni.

Na danna lambar Malam Isa. Ban taɓa kiran namiji babba a waya ba. Na ce sunana Ɗelu, 'yar gidan Abdurrahman masunci, unguwar bakin ruwa. Ya ce wane gida ne abin ya faru? Na ce namu. Ya zo bisa motonsa mai ƙafa biyu kafin azahar, ya ɗauki abin da zai ɗauka. Ya ce sakamako zai daɗe tunda yanzu ba motar furoje, sai ya samu mai zuwa Yamai. Ya ce kada a ci. Ta mutu da la'asar, mushe. Na haƙa rami mai zurfi na rufe ta ni kaɗai. Na yi kuka kaɗan, ba wanda ya gani.

Ya tambaye ni ko wannan ce ta farko. Na ce ya dawo ran Asabar, akwai takardar da zan ba shi ya aika wa Madam. Duk na tuna su, gida gida, tun daga sha huɗu ga Disamba. Na fara kwafewa.

Ban san me zan ce wa Inna gobe ba. Ban san ko za a ƙone sauran ba. Ban ma san ko akwai wanda zai karanta a can, tunda kuɗi sun ƙare.

Na buɗe sabon kaye. Shafin farko, layin farko: gidanmu. Na rubuta 1.