Taku Talatin na Bakin Kogi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni mahaifiyarku nake rubuta wannan da hannuna, da hantsi, a kan teburin da na yi shekara talatin da huɗu ina duba aikin 'yan makaranta. Hankalina garau yake, ba kuma wanda ya tilasta ni. Ƙafa ce ta gaza, numfashi yana yi mini rowa, likita kuma bai ɓoye mini komai ba. Ku ukun, Injiniya da Nas da Auta, ku zauna wuri ɗaya ku karanta.

1. Gida da gona da abin da ke cikin akwati, a raba yadda addini ya tsara. Abu ɗaya na ware daga sulusin da nake da ikon yin wasiyya da shi: taku talatin na ƙarshen gonarmu, daga gindin ɓaure zuwa bakin ruwa. Ba noma, ba gini, ba sayarwa. Na bar wa kogi.

Injiniya, na san ka fara cizon leɓe. Na ga zanen da ka yi na wurin buga bulo a filin nan, kuma zanen ya yi kyau. Amma saurari dalilina.

Lokacin da na fara koyarwa, a kogin nan yara ke koyon iyo har tsakiyar rani. Kafin in yaye Auta, kogin ya koma kwazazzabo mai wari, cike da leda, kowace damina yana gutsure gonakin mutane. Sai na tara masunta da masu lambu da makiyaya da masu wanki da masu ɗiban yashi a ajina. Manyan mutane a kan bencin yara, gwiwa tana taɓa haɓa, kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa. Zama bakwai muka yi kafin aka yarda kowane mai gona ya ja baya taku talatin. An yarda da baki, amma ba wanda ya motsa. Ni na fara cire shingena, sannan mutum goma sha huɗu suka bi. Har yau idonsu yana kan namu. Ranar da suka ga bulo ɗaya a wurin, kafin mako ya zagayo kowa ya sa garma a nasa, aikin shekara goma sha tara ya bi ruwa.

2. Injiniya, ka je ka ba shugaban masu yashi haƙuri. Ka kira shi ɓarawon ƙasa a gaban taro, alhali ya haife ka.

Ba ku san abin da ya yi mini ba, domin kunya ta hana ni faɗa. Shekarar farko na samo dashen itatuwa ɗari huɗu. Ni da ɗalibaina muka ja igiya, muka shuka su a layi a gaɓa biyun, daidai wa daida, kamar 'yan aji a filin taron safe. Yana tsaye da shebur yana kallonmu, ya ce, "Malama, kogi fa ba ɗalibinki ba ne, ba ya bin layi." Na ji haushi. Ruwan farko ya kwashe duk na gaɓar waje a inda kogi ya lanƙwasa, ya binne na gaɓar ciki da yashi.

Da na sauke girman kai na koma wurinsa, sai ya sa na tuɓe takalmi na shiga ruwa a daidai lanƙwasa. A gefe ɗaya yashi yana zamewa daga ƙarƙashin ƙafata, a ɗaya gefen yana taruwa a kan yatsuna. Na koyar da wannan daga littafi sau ba adadi, amma ran nan na san shi. Shi ya ce a fara da ciyawar jema a inda ruwa ke ci, sai ta kama ƙasa shekara biyu sannan a kawo itace. Shi kuma ya hana mutanensa haƙa sai a inda kogi ke zubarwa da kansa. In ya yi fushi ya janye, tifofi za su koma gindin gaɓa. Ka same shi a bakin aiki, ba a gida ba, in ya ce ka tuɓe takalmi ka tuɓe.

3. Nas, ke ce mai haƙurin rubutu. Na bar miki gorar awo mai jan fenti, da gilashin ƙara girman abu, da littattafai goma sha tara da ke ƙarƙashin gadona. Kowace Asabar a tsoma gora a gindin babban dutse, a rubuta inda ruwa ya kai. A ɗaga duwatsu uku a ƙirga ƙwarin da ke manne a ƙasansu, a mayar da su yadda suke. Shekara shida ban ga komai ba sai jajayen tsutsotsi. Ranar da na ga 'ya'yan mazari, waɗanda ba sa zama sai a ruwa mai tsabta, na yi ihu har masu wanki suka zaci maciji ne.

Akwai abin da zan tafi ban gane ba, kuma yana cina. Ƙasa da mashayar shanu akwai wani gurbi da ba ya ƙafewa, ruwansa kuma ya fi na ko'ina sanyi. Masunta sun ce idon ruwa ne. Ni ina zargin saiwar jema ce ke riƙe ruwan damina tana sakinsa a hankali, domin gurbin bai bayyana ba sai bayan shukarmu. Ki auna, ki tambayi tsofaffi. In ni ce na yi kuskure, ki rubuta haka da jan biro, ba zan ji haushi ba.

4. Auta, kujerata ta kwamitin kula da kogi taka ce in sun amince. Bakin nan naka da ya sha jawo maka bulala yana da amfani: kana iya sa makiyayi da mai lambu dariya a kan benci ɗaya. Ka bar kowa ya gama maganarsa. Wanda ya fi yin shiru, shi za ka fara tambaya.

Na san takarda ba ta tsare fili. In kun haɗa baki ku uku, za ku sami wanda zai nemo muku hanyar warware abin da na ƙulla, ni kuma ba na nan balle in ɗaga murya. Shi ya sa ban kai wa lauya ita ba, ku na ba. Injiniya, kai ne babba, inda ka taka ƙannenka za su taka. Kada fili ya raba ku, kada a ji kanku a waje.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya ba ku 'ya'yan da za su dame ku da tambaya. In an gama zaman makoki, ku sauka bakin ruwa tare, ku auna taku talatin ɗin da ƙafafunku a gaban maƙwabta, ku kafa alama. Su suna jiran su ga abin da za ku yi.