Amsa Sallama Ina Tafiya

Ɗana Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Ya Rakiya da yara, ya zaman Yamai? Mu nan Dantchiao lafiya lau, wake ya yi kyau bana.

Na daɗe ina jin wai akwai unguwa kusa da ku da baƙo ba ya tsayawa gaisuwa. Na ce ƙarya ce, ina aka taɓa yin garin Musulmi haka? To, maƙwabcina Idi ya je nan kallon birni, ya faɗa unguwar. Ya tarar da samari zaune bakin lungu, ƙwaya ta juya musu ido, ya miƙa hannu kamar a ƙofar masallacinmu. Ɗaya ya riƙe hannun gam yana "Baba, ina mutan gida?", ɗaya yana lalube aljihu. Idi bai gama tambayar iyayensu ba salularsa ta tafi.

Duk da haka kada ka ce in fasa, zan zo ganin jikokina da babban kogi. Na yarda in bi babban titi da rana, ka tarye ni a tasha. Amma wuce sallama ban iya ba. Zan amsa ina tafiya, hannuna cikin riga.

Ku sa mu a addu'a, ka gaida Rakiya. Dabarar nan direban motar garin Waca ne ya ba ni jiya. A unguwar aka haife shi, ya ce haka yake zuwa gaida uwarsa.

Babanka,
Mamman