Zuwa ga Garba, Game da Koko da Ƙosai

Ƙanena Abubakar, wanda kowa ke kira Garba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri a duk inda kake, ina rubuto maka ne daga ɗakinmu na Hayyus Sabi' a birnin Alƙahira. Ba ni da adireshin da zan aika maka. Lambarka kuwa tun bara murya ɗaya ce ke amsa ta, ta ce a kashe take. Shi ya sa na ajiye wasiƙar a nan inda jama'a ke wucewa, ko Allah zai sa ta biyo ta inda kake.

Maganar ajiyarka ce. Na gama karatu, iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta kusa ƙarewa, mai gida har ta fara kawo masu duba ɗaki. Mako mai zuwa zan koma Malumfashi, kuma Koko da Ƙosai ba za su iya bina ba.

Ka tuna yadda suka shigo gidan nan? Ammu Sayyid mai gadin ƙofa ne sila. Da ka ce masa sunanka Garba, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Ahlan ya garbu'!" Ka yi wata da watanni kana amsa masa da fara'a, a zatonka haka bakin Misirawa ke lanƙwasa sunan. Sai da wani ɗan ajinku ya ji, ya ja ka gefe ya ce garbu' ɓeran hamada ne, kuma da shi ake zagin matsiyacin da ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Ni raina ya ɓaci, har na sa takalmi zan sauka in same shi. Kai kuwa kana kwance kana dariya har da hawaye. Ka ce, "Yaya, bari in je in ga takwaran nawa tukuna."

Washegari ka tafi har unguwar Muhandisin, ka dawo a cikin maikrobas rungume da akwatin gilashi. Ga su nan su biyu, launin yashi, idanu baƙi ƙirin, wutsiya da gashi har da ɗan tuntu a ƙarshe. Ka sa musu suna Koko da Ƙosai. Ka tsaya gaban Ammu Sayyid ka ce ya gaida danginka. Daga ranar bai sake kiranka da komai ba sai Shaikh Abubakar.

Ni dai ban yarda ba. Na ce maka a garinmu tsintsiya ake bin ɓera da ita, wane Bahaushe ne ya taɓa kiwonsa har da sa masa suna? Ka ce ai waɗannan ba ɓeraye ba ne, ɗalibai ne, ban ga yadda suke cinye takarda ba? Duk kwalin da ya shigo ɗakin nan su ka ba, su tattaune shi su yi shimfiɗa.

Da kakar bara ka ce za ka je Iskandariyya wurin abokai. Jaka ɗaya ka ɗauka. A bakin ƙofa ka juyo ka ce, "Riƙe mini su, Yaya. Kada ka ba su libb, soyayyun 'ya'yan kabewar nan, mai gishiri." Na ce yalla, ka tafi kada mota ta bar ka. Sai daga baya na san cewa jirgin ruwa kuke jira, irin wanda ke kwasar mutane zuwa Italiya. Ka kira ni sau ɗaya, iska tana kaɗawa a cikin wayar har ban ji rabin abin da ka faɗa ba. Shi ke nan.

Na je Iskandariyya na dawo, na sake komawa. Na nuna hotonka ga masunta da masu shayi da duk wanda ya yarda ya duba. Kowa ma'alish yake ce mini, wato in yi haƙuri. Babu wanda ya ce ya gan ka a raye, babu wanda ya ce ya ga gawarka.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ka san yadda suke buga ƙafafun baya a ƙasan akwati in sun ji motsi, kamar ana kaɗa ƙaramar ganga. Da can suna yi ne in ka sa makulli a ƙofa bayan la'asar. Garba, har yanzu suna yi. Lokacin na yi sai su bar tono, su miƙe tsaye, su fuskanci ƙofa, su fara bugawa. Na sha tashi in buɗe, ba kowa a matakala sai warin girkin maƙwabta. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba, amma in la'asar ta same ni a waje sauri nake in dawo don kada su buga ba na nan.

Inna kuwa duk Juma'a in ta kira sai ta tambaya, "'Yan ɓerayen nan nasa suna nan?" In ce suna nan. Sai ta ce, "To alhamdulillahi, ai zai zo ya karɓi kayansa." Ita da ba ta taɓa ganinsu ba, da su take riƙe da kai.

Na yi ta neman yadda zan yi da su. Kamfanin jirgi suka ce ba sa ɗaukar irinsu, ko a hannu ko a cikin kaya. Na kai su shagon da ka saye su, mutumin ya ɗaga Ƙosai ta wutsiya ya ce sun tsufa, amma masu kiwon maciji za su so su. Ban san sanda na fizge akwatin ba. Wani ya ce in kai su hamada ta hanyar Suwais in sake su, ai can ne garinsu. Har na je, na tsaya a gefen titi ina kallon yashi. Waɗannan da aka haifa a cikin gilashi, ba su san shaho ba, ba su san inda ruwa yake ba, sai na ga ko kwana ba za su yi ba. Na roƙi ɗaliban da ke samanmu, suka ce in suka karɓa mai gidansu za ta kore su. Malam Habu abokinka ya ce ai malamai sun halatta cin yarbu', wato garbu' ɗin nan, in kawo a yi farfesu. Wasa yake yi, da ya ga fuskata sai ya sunkuyar da kai.

A ƙarshe aka haɗa ni da Hajja Batulu, Bahaushiyar Sudan da ke yin lalle a unguwar Arba'a wa Nus. Jikarta ta daɗe tana roƙon a saya mata abin kiwo, ɗakinsu kuwa ba zai ɗauki kyanwa ba. Jiya da hantsi na kai su. Yarinyar ta durƙusa gaban akwatin ko numfashin kirki ba ta yi. Na yi wa Hajja bayanin abincinsu da yashin wankansu, na ba ta labarinka a taƙaice, tana ta cewa tamam, wato daidai ne. Har na miƙe zan tafi sai ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ya waladi, ɗana, riƙo ne ko kyauta? In riƙo ne ka faɗa mini, kada in bar yarinyar nan ta sa rai a kan abin da mai shi zai zo ya ɗauka."

Garba, shekarun da na yi a garin nan fiƙihu na karanta. Na san wanda aka ba ajiya yana iya miƙa ta ga wani amintacce in tafiya ta kama shi, ya ce riƙo ne. Amma ba shi da ikon yin kyauta da ita, sai fa in ya zama magaji. Na san wannan sarai sanda na buɗe baki. Na dubi yarinyar, na dubi Koko yana ta tono a kusurwa, na ce kyauta ce.

Hajja ta saki rigata. Ta ce, "Allah ya jiƙansa." Tun da ka tafi ban bar kowa ya faɗi wannan a gabana ba, na yi faɗa da mutane a kanta. Jiya na ce amin.

In kana raye, ɗan'uwana, ka yafe mini. Ka zo ka kama ni da laifin kyauta da kayanka, ka yi mini duk rashin kunyar da ka ga dama, wallahi zan tsaya in saurara. In kuwa ba ka nan, to ka sani suna hannun kirki, kuma ban taɓa ba su mai gishiri ba.

Gobe Juma'a, Inna za ta kira. Ba zan yi mata ƙarya ba, kuma ban san da wane baki zan fara ba.

Allah ya sa rahamarsa ta same ka a inda kake, a tudu ko a ruwa. In kana tafe ya kai ka lafiya, in ka riga ka isa ya sa ka huta. Ya ba Inna ƙarfin jin abin da zan faɗa mata, ni kuma ya ba ni ƙarfin faɗa.

Naka har kullum,
Yayanka Sanusi