Hannun Inna Ba Shi Ne Ya Ɓata Madara Ba

Zuwa ga Manajan cibiyar tattara madara ta yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ranka ya daɗe, ni mutumin wata ruga ne kusa da Gafasa. Na rubuto a fili ne don a fili aka ci mutuncin mahaifiyata.

A rugarmu ni ne na yi sakandare, don haka duk saniyar da ta kamu da ciwon hantsa, ni ake kira. In je kasuwar Gaya in sayo allurar nan mai ruwan ɗorawa, maganin kashe ƙwayoyin cuta, in yi mata. Inna kuma takan biyo ni da ruwan ɗumi ta gasa hantsar, domin tun tana amarya aka san ta da iya lallashin saniya. Ba a taɓa biyanta ba, ita ma ba ta taɓa nema ba.

To sai mata suka fara lura da wani abu. Duk gidan da Inna ta shiga ta taɓa saniya, washegari madarar gidan sai ta ƙi zama kindirmo. A zuba tsohon nono, a rufe ƙwarya yadda aka saba, a buɗe a tarar da ita tsululu. Aka yi sau ɗaya, aka yi sau biyu, magana ta fito: hannun Inna ne. Matan da ta yi wa wankan jego suka koma kife ƙore in sun hango ta. A wani suna aka zuba mata abinci can gefe ita kaɗai. Ta dawo gida ta zauna tana kallon tafin hannunta. Ni kuwa, da iyayina na ɗan boko, na ci gaba da allurata ina jin haushin jahilcin mutane.

Ga ƙorafina.

Na farko. Damina biyu ke nan kuna gwada madarar matanmu da wata na'ura wadda ba ta fi wayar hannu ba. A ɗiga madara a kan tsinke, a jira kaɗan, sai ma'aikaci ya ce, "Wannan ba ta ci ba, ɗauki abinki." Shi ke nan. Babu wanda ya taɓa faɗa wa mace ɗaya me ya sa. Matan kuwa suka dawo suna cewa ai ko na'urar Bature ta gane madarar da Inna ta taɓa.

Na biyu. Bayan sallar layya da ta wuce na kai madarar ƙanwata da kaina, aka ƙi ta. Na nace, sai wata ma'aikaciyarku, Allah Ya yi mata albarka, ta zaunar da ni. Ta ce a jikin tsinken akwai ƙwayoyin zinare ƙanana da ido ba ya iya gani, masana na kiran irinsu nano, kuma launinsu yakan sauya in akwai ragowar magani a madara. Ta ce maganin yakan yi kwanaki yana fita ta nonon saniya, kuma shi ne ke kashe ƙwayoyin da ke mai da madara kindirmo. Bayanin bai kai tsawon shan fura ba. Nan take na gane hannun da ya ɓata madarar nawa ne. Ranka ya daɗe, ashe duk tsawon lokacin nan amsar tana kan teburinku.

Ban ce laifin naku ne ku kaɗai ba. Nawa ya fi, tunda akwai kwanakin jira kafin a yi amfani da madarar a rubuce a jikin kwalbar maganin, ban taɓa tsayawa na karanta ba. Kuma ba na ƙin na'urar, don ba na so yaran kowa su sha magani ba su sani ba. Amma wanda ya san dalili ya yi shiru, shi ma akwai abin da za a tambaye shi.

Na uku, ga roƙona. Ku zo rugarmu da na'urar. Ku tara mata da maza a gaban arɗo, ku gwada madarar saniyar da Inna ta taɓa ba a yi mata allura ba, sannan ku gwada ta wadda na yi wa allura Inna ba ta je kusa ba. Ku faɗi kwanakin jiran da Hausa da Fillanci. Kuma daga yau duk matar da aka mayar wa madara, a gaya mata dalili. Ni na zaga gida-gida na faɗa, aka ce ɗa ne yake wanke uwarsa.

Ku yi sauri, don Allah. Inna ta tsufa, tun bara ba ta fita, kuma ƙafa ta kumbura. Ranar da na durƙusa na gaya mata gaskiya ina kuka, na zaci za ta yi murna. Sai ta riƙe min hannu ta ce, "Buba, ka yi shiru da bakinka. Ni na kusa tafiya, kai ne za ka zauna da su. Gara a ce ni ce."

Wannan wasiƙa ita ce karo na farko da na saɓa wa umarninta.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya jiƙan magabatanka, Ya sa kada a taɓa kife ƙwarya don an hango mahaifiyarka.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Buba, daga wata ruga kusa da Gafasa