Ɗigon da Na Sa a Bayan Sunan Bu Rukiah

Ternate, 14 ga Safar

Zuwa ga Yaya Sumirah,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Mas Darmo da yara, ya kuma sassauta miki ciwon gwiwar nan. Na ji 'yarki Lastri ta sauka lafiya, Allah ya raya mana. Ni ma ƙalau nake, sai gajiya. Shekara goma sha ɗaya a tsibirin nan, har yau cikina bai yarda cewa kifi da sago abinci ba ne. In na tuna tempe ɗinki na waken soya sai in ji haushin kowa.

Kin yi faɗa cewa wata huɗu ban amsa miki ba, kin kuma tambaye ni batun dutsen kabarin Baba. Ki daure ki ji dalilin shirun tukuna, amsarki tana cikinsa.

Kin san ni ke kula da shafin mujallar binciken noma ta jami'armu, wadda kowa ke karantawa kyauta a intanet. Manhajar da muke aiki da ita ma kyauta ce. Mutane daga ƙasashe da yawa suke gina ta, kowa yana iya buɗe cikinta ya gyara, ya miƙa wa saura gyaran. To amma waɗanda suka fara ƙera ta masu sunan dangi ne, sai suka yi gurbi biyu na suna, in ka bar na biyu fayau ba za ta karɓa ba. Mu kuwa, kin sani, da yawanmu suna ɗaya aka raɗa mana. Shekara tara da suka wuce, ni da bakina na ce wa masu shigar da maƙala su riƙa sa ɗigo a gurbin kawai. Har ina jin na yi dabara.

Akwai wata malama a nan, sunanta Rukiah kawai, muna ce mata Bu Rukiah don girmamawa, mai binciken cutar da ke busar da itacen kanumfari. Manoma har daga Halmahera suke hawo jirgin ruwa su kawo mata ganye ta duba. A lokacin saura mata wata huɗu ta cika shekara sittin da biyar. In ba ta zama farfesa kafin ranar ba, ritaya ce, gonar gwajinta ta shekara ashirin kuma an riga an ce za a mai da ita wurin ajiye babura. Sai kwamiti ya dawo da takardunta, wai maƙala huɗu kawai suka gani. Sauran sun watse: a mujallarmu ita ce Rukiah mai ɗigo, a wasu Rukiah Rukiah, a wasu R. Rukiah. Na'urar da ke tattara ayyukan malamai ta ɗauke ta mata uku. Ta zo ofishina da soyayyiyar ayaba da yaji, ta zauna, ta ce ta zo ne in gaya mata wacce za a ba kujerar farfesan cikin matan nan uku, don ta je ta yi mata barka. Wallahi Yaya, na gwammace ta zage ni.

Gyara namu shafin bai ishe ta ba, don ta buga a mujallu biyar na wasu jami'o'i. Dole na shiga zauren da masu irin aikina ke tattaunawa, wanda na ƙaurace wa tun da wani Pak Yosef na Kupang ya yi mini dariya a bainar taro. Na rubuta gyaran da zai bar gurbi na biyu babu komai, na sa a zauren. Shi ne ya fara amsawa. Ya ce ashe sarkin ɗigo yana raye, shi ya zaci an binne ni a ƙarƙashin na'ura. Sannan ya ce gyaran nawa in an saka shi haka zai share sunayen duk tsofaffin fitowa, in tsaya. Na duba, gaskiyarsa ce. Mako guda yana gwadawa a tasa na'urar, ba wanda ya sa shi. Har yanzu ba na son mutumin, amma ba don shi ba da na yi ɓarnar da ta fi ta farko. Wata Bu Meiske kuma, mai kula da laburare a Manado, ita ta bi editocin nan biyar da waya. Ɗaya ya ce abin da aka buga ya bugu. Ta ce masa to ya share mata kujera, za ta hawo jirgi ta zauna a ofishinsa tana fasa durian, ɗan itacen nan mai wari, har sai ya gyara. Washegari ya gyara.

Takardar farfesan ta iso saura kwana goma sha ɗaya ta yi ritaya. A walimar da aka yi makon jiya, shugaban jami'a ya gode wa sashen na'urori, waɗanda ko waya ba su ɗaga ba. Ni ina can baya kusa da kwalayen abinci. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye miki ba. Amma da na tuna wanda ya fara sa ɗigon, sai na ga bayan ma ya dace da ni. An shigar da gyaran cikin manhajar, duk mai suna ɗaya zai amfana. A jerin waɗanda suka taimaka kuwa an rubuta ni Ngadiran Ngadiran, don shafin da ake ajiye jerin shi ma suna biyu yake nema. Pak Yosef ya turo mini hoton sau uku. Bu Rukiah ta aiko mini da jakar kanumfari da 'yar takarda, wai daga su uku.

Yanzu batun Baba. Kin ce mai sassaƙar ya ce sunan ya yi gajere a kan dutsen, a ƙara wani abu don ya cika fili. Kada ki yarda. Ki ce masa ya rubuta Wagimin ya ajiye guduma. Da shi aka raɗa masa, da shi ya ciyar da mu bakwai. Zan zo addu'ar kwana dubu in Allah ya yarda, da kanumfarin.

Ki gaida Mas Darmo, da Lastri da jaririnta, da Gwaggo Painem, ki ce mata ban manta da man zafinta ba.

Ƙaninki,
Ngadiran, sau ɗaya kawai.