Dajiyar Bargon Innarki

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Yaya nauyin jiki? Allah ya sauke ki lafiya.

Kin tambayi jikin Innarki. Da sauƙi, har ƙofar gida take takawa yanzu, sai dai yatsun hagun nan har yau ba sa riƙe ko fil. Amma ba hannun ne ya fi damuna ba. Tun da muka dawo daga asibiti ta lulluɓe keken ɗinkinta, ko kallonsa ba ta yi. Bargon faci-facin da ta fara wa abin da za ki haifa yana nan ninke a kan kujera, komai ya kammala sai dajiyar baki. Ta ce wannan aikin mai hannu biyu ne: a ninke dogon ƙyalle, a goge, a kafa da fil, sannan a bi da keke.

To ga sirri, kada ki faɗa mata: ni zan ƙarasa shi. Shekara talatin ina gyaran babura, bakin bargo ne zai gagare ni?

Ki gaida maigidan.
Babanki.

Auta,

Ina gaishe ki, ya ƙarfin jiki? Ki zauna da kyau kafin ki karanta, labari ne da ni!

Ya gagare ni. Na ƙona yatsu biyu da dutsen guga, ɗinkin kuwa ya fito kamar sawun maciji. Ina cikin fama Innarki ta shigo ɗakin. Auta, ta yi dariya! Wata huɗu rabona da jin wannan dariyar. Da ta gama sai ta rufe ni da faɗa, ta sa na farke duka tana tsaye a kaina.

Da kunya ta ishe ni na tafi wurin telar nan ta kusa da garejinmu. Ita ta nuna min dabara: a soka doguwar allura a jikin shimfiɗar teburin guga, ta shiga ta fita, a bar 'yar kafa a tsakiya. In aka zura ƙyallen a ninke ta ƙarƙashinta ana ja, da kansa yake ci gaba da ninkuwa. Da gudu na dawo gida, har na bar hulata a shagonta. Na ja, Innarki ta bi da dutsen guga da hannun dama. Kafin shayinmu ya huce mun ninke kamu takwas, sumul!

Maganar fil kuwa, wannan basirata ce, ki shaida. Na kwaso abubuwan matse kaya na igiyar shanya, ta riƙa dantse bakin bargon da su da hannu ɗaya. Na kuma liƙa salatif a jikin keken, ta riƙa bin gefensa don layi ya miƙe. Ta ce ashe kan nan ba hula kawai yake ɗauka ba. Gobe za ta hau keke. Ki sa mu a addu'a.

Babanki.

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. An gama! Jiya da hantsi aka gama!

Kusurwar farko ta ba ta wahala. Sau uku tana cukurkuɗewa, har ta ture bargon, na ga idonta ya ciko. Can sai ta sa hannun dama ta ɗaga na hagun, ta ɗora shi a kan ninkin, ta ce tun da ba zai riƙe ba, to ya danne. Ya kuwa danne. Sauran kusurwoyi ukun ko taimakona ba ta nema ba, cewa ma ta yi in matsa ina tare mata haske.

Ranar Laraba zan ba direban da ke zuwa wajenku ya kawo miki. In kin ga wata kusurwa ta ɗan karkace, kada ki gyara.

Yau da safe na nemi shuɗiyar rigata ta zuwa gareji na rasa. A kan teburinta na same ta, ta danne da dutsen guga, ta riga ta yanke hannu ɗaya da rabin baya. Wai yaro ba ya rayuwa da bargo ɗaya. Da singileti nake rubuta miki wannan, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin asara irin ta yau ba.

Innarki na gaishe ki, ta ce ki rage tsayuwa.

Naki har kullum,
Babanki.